3 ga Agusta: arashi ne, ko ranar tana da wani sirri?

Dan_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake son masana su warware mana. Duk mun san ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta karɓi ƴancin kai daga Faransa, Diori Hamani na shugaba. To amma ku duba abin da ranar ta ƙunsa ban da namu. A 1492 Kolumbus ya tashi daga tashar Palos ta Sifaniya da jirage uku. A 1914 Jamus ta shelanta yaƙi kan Faransa. A 1936 Jesse Owens, baƙar fatar Amurka, ya ci tseren mita 100 a Balin, a tsakiyar mulkin Hitila. A 1958 jirgin ƙarƙashin teku na Amurka mai suna Nautilus ya ratsa ƙuryar arewacin duniya ta ƙarƙashin ƙanƙara. A 1979 aka yi juyin mulki a Gini Ikwatoriya, a 2005 kuma a Muritaniya. Ni dai ina ganin wannan ya fi ƙarfin arashi. Rana guda ta ɗauki wannan kaya duka haka kawai?

Mushe_Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu je ga sirri, mu fara da lissafi. Kwanakin shekara 365 ne, tarihin da aka rubuta kuwa na dubban shekaru ne, na ƙasashe kusan 200. Duk abin da ya taɓa faruwa dole ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan nan 365, kamar ƴaƴan dara. Ka ɗauki mutum 23 kawai a ɗaki guda: yiwuwar a samu biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya ta kai kashi 50.7 cikin ɗari. Ga yadda ake yi da na'urar lissafi ta salula. Ka fara da 364/365, ka ninka da 363/365, ka ninka da 362/365, haka har ka kai 343/365. Za ka samu 0.493, wato yiwuwar kowa ranarsa daban. Ka cire daga 1, saura 0.507. Dalilin da ya sa abin ke ba mutane mamaki shi ne mutum 23 suna ba da haɗi biyu-biyu har 253 (23 sau 22, a raba biyu). In mutanen sun kai 57, an haura kashi 99. To ina ga dubban abubuwan tarihi.

ƳarMatamaye:
Mushe, lissafin ya yi, amma akwai inda ɗalibai ke zamewa. Wannan lissafin na "kowace rana ce" ne. In aka tsayar da rana guda, aka ce sai 3 ga Agusta, to mutum 253 ake buƙata kafin yiwuwar ta kai rabi. Tambayar Dan_Birni ta fi kusa da wannan na biyun.

Mushe_Lissafi:
Haka ne Malama, kin gyara daidai. Sai dai manyan abubuwan tarihi sun fi 253 nesa ba kusa ba. Ko dubu goma kaɗai aka ƙirga, kowace rana za ta tashi da kamar 27.

Malam_Hisabi:
Ni matsalata da jerin ba ta lissafin yiwuwa ba ce. Abu na farko da ke cikinsa ma ba ranar ba ne. 3 ga Agusta ta Kolumbus da 3 ga Agusta tamu ba kalanda ɗaya ba ce. A 1492 Turai duka tana kan tsohuwar kalandar Yuliyas Kaisar, wadda ta ɗauki shekara a kwana 365 da rubu'i cif. Shekarar rana kuwa ta gaza haka da kamar minti 11. Ƙanƙanin abu ne, amma duk shekara 128 yana tara kwana guda. Da abin ya yi yawa, Fafaroma Giregori na 13 ya sa aka gyara a 1582: aka kwana ranar Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Kwana goma suka tafi, amma jerin ranakun mako bai karye ba. Aka kuma sa doka cewa shekarar da ta ƙare da sifiri biyu ba za ta samu 29 ga Fabrairu ba sai in tana rabuwa da 400. Shi ya sa 1600 da 2000 suka samu, 1700 da 1800 da 1900 ba su samu ba.

Ga abin da ake ƙarawa in za a mai da tsohuwar rana kan kalandar yanzu: daga Maris 1400 zuwa Fabrairu 1500, kwana 9. Daga nan zuwa 1700, kwana 10. Zuwa 1800, kwana 11. Zuwa 1900, kwana 12. Daga Maris 1900 zuwa yau, kwana 13. Kolumbus ke nan ya tashi ranar da za ta zama 12 ga Agusta a kalandar da ke rataye a shagunanmu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙara 13 ga kowace tsohuwar rana ba tare da an duba ƙarninta ba.

Dan_Birni:
Ikon Allah. Malam, to ai littattafan lakwal duka 3 ga Agusta suke rubutawa.

Malam_Hisabi:
Ba su yi kuskure ba. Al'adar masu tarihi ita ce duk abin da ya faru kafin 1582 a bar shi da ranar da mutanen lokacin suka rubuta. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan 1582, domin ba tare aka sauya ba. Sifaniya da Fotugal da Italiya sun bi nan take, Faransa a Disamba na shekarar. Ingila ta ƙi sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba. Rasha sai 1918: daga 31 ga Janairu aka tsallaka 14 ga Fabrairu. Shi ya sa juyin da ake kira na Oktoba, 25 ga Oktoba 1917 a wurinsu, bikinsa 7 ga Nuwamba ake yi. Duk wata rana ta Ingila tsakanin 1582 da 1752, ko ta Rasha kafin 1918, sai ka tambaya da wace kalanda aka rubuta ta kafin ka jera ta da wata.

Alƙalami60:
Bari in ƙara cire wani daga jerin, Dan_Birni ka yi haƙuri. Nautilus ya kai ƙuryar arewa ƙarfe 11:15 na dare agogon gabashin Amurka, ranar Lahadi 3 ga Agusta 1958. Agogon nasu a lokacin bazara yana bayan GMT da awa 4, mu kuma muna gaban GMT da awa 1. Sai ka ƙara awa 5: ƙarfe 4:15 na asubahin Litinin 4 ga Agusta ke nan a Damagaram. Haka ma saukar ɗan Adam a kan wata. Amurkawa 20 ga Yuli 1969 suke cewa, amma lokacin da Neil Armstrong ya taka ƙasan wata ƙarfe 2:56 ne agogon GMT, wato 3:56 na asubahin 21 ga Yuli a nan. Harin Pearl Harbor 7 ga Disamba 1941 ne a Hawai, 8 ga Disamba a Japan. Ƙarshen yaƙin duniya na biyu a Turai, Faransa 8 ga Mayu take biki, Rasha 9 ga Mayu, don lokacin da miƙa wuyan Jamus ya fara aiki dare ya riga ya raba a Mosko.

DanTanut:
Kun dami yaro da cire-cire. Ku bar masa ko biyu mana 😄

Hajiya_Zango:
Ni zan ƙara masa ne. An manta da 3 ga Agusta 1959 a Bisau. Leburorin tashar jiragen ruwa ta Pidjiguiti sun yi yajin aiki kan albashi, jami'an tsaron Fotugal suka buɗe musu wuta, aka kashe mutum kamar 50. Daga nan jam'iyyar PAIGC ta Amilcar Cabral ta sauya dabara, ta bar gwagwarmayar cikin birni ta koma karkara, har aka kai ga ɗaukar makami a 1963. Shekara guda cif kafin namu ƴancin. Wannan ya fi kusa da mu a kan jirgin ƙarƙashin ƙanƙara, amma da wuya ka gan shi a jerin da ake yaɗawa a intanet, don masu haɗa jerin nasu suke fara sawa. Wannan ma wani abin lura ne: jerin "abin da ya faru a rana irin ta yau" zaɓin mutum ne. Wanda ya tsince abu bakwai ya bar ɗari bakwai.

Kuran_Baƙi:
Hajiya ta taɓo inda nake so. Maganar Muritaniya kuwa tana da alaƙa da mu kai tsaye. Sarki Fahad na Saudiyya ya rasu 1 ga Agusta 2005, shugaba Ma'awiya Wuld Taya ya tafi jana'iza, sojoji ƙarƙashin Kanal Ely Wuld Muhammad Vall suka karɓe mulki ranar Laraba 3 ga wata. Jirgin da ke maido shi bai samu sauka Nuwakshot ba, Yamai ya sauka, ranar bikin ƴancinmu, zamanin Tanja Mamadu. Daga baya ya wuce Gambiya, sannan Katar. Amma abin da ya tsayar da ranar rashin shugaban a gari ne. Shi kansa Wuld Taya haka ya hau a Disamba 1984, lokacin da Wuld Haidalla ke wurin taro a Bujumbura. Masu juyin mulki kujera suke dubawa, ko mai ita na nan ko ba ya nan.

Malam_Tarihi_Mirya:
Jama'a, ina ganin za a fi samun sauƙi in an raba haɗuwar ranaku gida uku. Akwai wadda arashi ce tsantsa. Akwai wadda mutane suka zaɓi ranar da gangan don ta dace da wata ta baya. Akwai kuma wadda abu ɗaya ne ya haifi biyun.

Mu ɗauki 15 ga Agusta. Koriya ta fita daga hannun Japan 15 ga Agusta 1945, ranar da sarkin Japan ya sanar da miƙa wuya ta rediyo. Indiya ta samu ƴanci 15 ga Agusta 1947, kuma gwamnan mulkin mallaka na ƙarshe da Ingila ta naɗa a Indiya, Mountbatten, shi ya zaɓi ranar saboda cikar shekara biyu da wancan miƙa wuyan, don shi ne kwamandan ƙawance a kudu maso gabashin Asiya lokacin yaƙin. Koriya da Indiya ke nan igiya ɗaya ta ɗaure su. Kwango Barazabil ma 15 ga Agusta 1960 ce, amma ita jadawalin Faransa ne ya ajiye ta nan.

Jadawalin nan shi ne amsar tamu ranar. Ƙasashe huɗu na ƙawancen Antant sun sa hannu da Faransa a Paris ranar 11 ga Yuli 1960, aka jera bukukuwan da tazarar kwana bibbiyu: Dahome (Benin ta yau) 1 ga Agusta, Nijar 3, Hot Bolta (Burkina Faso ta yau) 5, Kodebuwa 7. Sai rukunin tsakiyar Afirka: Cadi 11, Afirka ta Tsakiya 13, Kwango 15, Gabon 17. Tazarar ta ba tawagar Faransa da sauran baƙi damar tashi daga wannan babban birni su kai wancan. Da an fara da mu, da 1 ga Agusta muke biki, kuma da Dan_Birni ya kawo mana wani jerin daban mai ban mamaki kamar wannan.

Dan_Birni:
Malam, wannan ta shige ni. Amma dashen itatuwa fa? Shi ma ai 3 ga Agusta ne.

Hajiya_Zango:
Wannan gida na biyu ne cikin rabon Malam, ɗana. Gwamnatin Seyni Kunce ce ta haɗa bikin dashen itace da ranar ƴanci tun 1975, bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970. Kuma ranar ta dace da aikin: farkon Agusta marka ta kankama, ƙasa ta sha ruwa, dashe yana da sauran makonni na damina da zai kama saiwa kafin ruwa ya ɗauke. Da a 18 ga Disamba aka sa shi, ranar Jamhuriya, da tsakiyar hunturu za a yi ta dasawa ana ban ruwa da bokiti.

Bamagariye:
Tunda an ambaci 18 ga Disamba, a riƙa bambancewa, don yara na haɗa su a jarrabawa. 28 ga Satumba 1958 ƙuri'ar raba gardama ce ta Janar Dagol, inda Djibo Bakari da Sawaba suka ce a'a, amma i ta yi rinjaye. 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriyar Nijar, mai cin gashin kanta a cikin ƙungiyar Faransa. 3 ga Agusta 1960 cikakken ƴanci. 20 ga Satumba 1960 aka karɓe mu a Majalisar Ɗinkin Duniya, rana ɗaya da wasu ƙasashe 13. Mali da Senegal sai 28 ga Satumba, Najeriya 7 ga Oktoba.

Alƙalami60:
Wanda ke son ganin gidajen nan uku a rana guda ya duba 9 ga Nuwamba a Jamus. 1918: aka sanar da saukar sarki Wilhelm na 2, aka shelanta jamhuriya a Balin. 1923: Hitila ya yi yunƙurin juyin mulki a Munik, ya fara daren 8, aka murƙushe shi ranar 9. Ƴan Nazi suka mai da ranar ta tunawa duk shekara. 1938: manyansu na taron tunawar nan a Munik labari ya zo cewa jami'in ofishin jakadancinsu da aka harba a Paris ya mutu, Goebbels, ministan farfagandarsu, ya yi jawabin tunzurawa, a daren aka afka wa Yahudawa, aka ƙone wuraren ibadarsu da shagunansu. 1938 ke nan daga 1923 ta fito. Ta 1989 kuwa katari ce zalla. Günter Schabowski, kakakin jam'iyyar da ke mulkin Jamus ta Gabas, yana karanta sabuwar dokar tafiye-tafiye gaban ƴan jarida wajen ƙarfe 7 na yamma, aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki, ya duba takardunsa ya ce nan take. Alhali washegari aka shirya, kuma da neman izini. Jama'a suka yi dafifi a ƙofofin katangar Balin, masu gadi suka buɗe kafin tsakar dare. Saboda nauyin 1938 ne Jamus ba ta sa ranar ƙasa a 9 ga Nuwamba ba, ta sa 3 ga Oktoba, ranar haɗewa a 1990.

Gwaggo_GarinMalam:
Duk kun tafi Turai kun bar gida. Mu da muke da kalanda biyu a ɗaki ɗaya ai mu ya kamata mu fi kowa sanin cewa "rana ɗaya" magana ce mai santsi. Malam_Hisabi, 3 ga Agusta 1960 nawa ga wane wata ne a namu lissafin?

Malam_Hisabi:
Gwaggo, Laraba ce, 9 ga Safar 1380 a lissafin jadawali, da yiwuwar kwana ɗaya gaba ko baya gwargwadon ganin wata. Ga hanyar. Don samun shekara: ka cire 622 daga shekarar Miladiyya, ka ninka da 33, ka raba da 32. 1960 a cire 622 saura 1338, sau 33 a raba 32 ya ba da 1379.8, wato ƙarshen 1379 ko farkon 1380. Sai ka nemi ranar da shekarar ta kama: 1 ga Muharram 1380 ta faɗo 26 ga Yuni 1960. Muharram kwana 30, 1 ga Safar ke nan 26 ga Yuli, ka ƙirga zuwa 3 ga Agusta ka samu 9.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kwana 10 zuwa 12, mafi yawa 11. Shi ya sa watan Azumi ke zagayawa daga bazara zuwa ɗari zuwa damina, sai bayan shekara 33 ya komo kusa da inda ya bari. Abubuwan da Dan_Birni ya jera, in aka mai da su lissafin wata, watanninsu daban-daban ne, sai 1914 da 1979 kaɗai suka haɗu a watan Azumi.

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na ɗaya, jadawali yana ba wata kwana 30 da 29 bi da bi, ganin ido kuwa ba ya bin wannan tsari. Maganinsa ranar mako: in tsohuwar takarda ta ce "ranar Juma'a 12 ga wata" jadawali ya ba ka Asabar, to Juma'ar za ka bi, ka ja baya da kwana ɗaya. Na biyu, ranarmu daga faɗuwar rana take farawa. Daren Juma'a a bakinmu daren da Alhamis ta wuce ne. Mai fassara da bai san haka ba zai tura abin da ya faru gaba da kwana guda.

Kuran_Baƙi:
Masar ce ta fi nuna wannan a fili. Yaƙinta da Isra'ila na 1973 ya fara 6 ga Oktoba, daidai da 10 ga Ramadan 1393. Yau a kusa da Alƙahira akwai birni mai suna 6 ga Oktoba, akwai kuma wani mai suna 10 ga Ramadan. Birni biyu, rana ɗaya. Ranar kuma ita ce Yom Kippur, babbar ranar azumi ta Yahudawa, kuma Masar da Siriya sun san da haka lokacin da suka tsayar da ita.

DanTanut:
To ni ga tawa, ku cire in kun iya. 15 ga Afrilu. Shugaban Amurka Lincoln ya mutu 1865. Titanic ya nutse 1912. Kunce ya kifar da Diori 1974. Cocin Notre-Dame na Paris ya kama wuta 2019. Yaƙin Sudan tsakanin Burhan da Hemeti ya ɓarke 2023. Ta fi 3 ga Agusta nauyi ma.

ƳarMatamaye:
Ba za a cire ba, amma ka lura uku na farko duk sun raba ƙafa tsakanin 14 da 15. An harbi Lincoln daren 14, ya cika da safiyar 15. Titanic ya bugi dutsen ƙanƙara ƙarfe 11:40 na daren 14, ya nutse 2:20 na 15, agogon jirgin. Juyin mulkin Yamai ma cikin daren 14 wayewar 15 aka yi shi, a hutun Ista. Mai son 14 ga Afrilu zai iya kwashe su duka ya sa a nasa jerin. Duk mai haɗa irin wannan jeri ya tsayar da ƙa'ida ɗaya tun farko: farkon abu zai ɗauka ko ƙarshensa, kuma da agogon ina. In ba haka ba zai riƙa jan kowane abu zuwa ranar da yake so.

Mushe_Lissafi:
Kuma DanTanut ya tabbatar da maganata ta farko ba tare da ya nufa ba. Ka ɗaga kowace rana za ka tarar da irin wannan a ƙarƙashinta.

Malam_Tarihi_Mirya:
Bari mu dawo Damagaram kamar yadda Gwaggo ta ce. 5 ga Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan Zinder, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. 5 ga Mayu 1821 Napoleon ya mutu a tsibirin Sant Helena. Babu abin da ya haɗa su. 14 ga Yuli kuwa da ɗan bambanci. Ranar ƙasar Faransa ce, tunawa da fasa kurkukun Bastille a 1789. A ranar ce kuma, 1899, Kyaftin Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb a Dankori, wajen Tasawa, shi da Paris ta aiko ya tsayar da ta'asar da ayarin Voulet da Chanoine ke yi tun daga bakin Kwara. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a Maijirgi. Ragowar ayarin ne, ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, suka gwabza da dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yuli, suka shigo Birni.

Ita kuma 3 ga Agusta 1914 da ke jerin, ba nesa take da mu ba kamar yadda ake zato. A lokacin Zinder ce hedikwatar yankin soja na Nijar, tun 1911 har zuwa 1926 da aka mai da ita Yamai. Yaƙin ya zo daidai da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ga ɗibar soja da raƙuma da hatsi. Cikin wannan yaƙin ne Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, kuma daga nan Zinder rundunar da ta je ceto ta tashi.

Gwaggo_GarinMalam:
Yawwa Malam. Ka ga kakanninmu ba su ce 1914 ba, Kakalaba suka ce. Haka 1984 El-Buhari ce a bakin mutanen karkara, saboda yunwar ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Mai neman ranar wani abu daga bakin tsofaffi, tambaya uku zai yi: shekarar me, wane lokaci (shuka, marka, kaka, ɗari ko bazara), kuma kusa da wace salla ko wane wata, Azumi ne, Cika-ciki ne, ko Azumin Tsofaffi. In lokacin shekara da watan suka haɗu, jadawali zai rage maka shekarun zuwa ƴan kaɗan cikin kowace 33. Ranar kasuwa ma tana taimakawa, tana ba da ranar mako.

Bamagariye:
A kan ranar mako ga dabara mai sauƙi. Shekara mai kwana 365 tana tura rana gaba da ɗaya, mai 366 da biyu. Tsakanin 1901 da 2099 kalanda tana maimaita kanta duk shekara 28. 3 ga Agusta 1960 Laraba ce, to 1988 da 2016 ma Laraba. Kada dai a tsallaka 1900 da wannan dabara, don ba ta da 29 ga Fabrairu, lissafin zai goce da kwana ɗaya. Na jerin Dan_Birni: 1914 Litinin, 1936 Litinin, 1958 Lahadi, 1979 Juma'a, 2005 Laraba. Ta Kolumbus Juma'a ce, kuma wannan ba ta canzawa ko da wace kalanda aka duba.

Dan_Birni:
Na karɓi na kalanda da na agogo. Amma har yanzu akwai abin da ke min yawo. Agusta kanta fa? Yaƙin 1914, harin Iraƙi kan Kuwait 2 ga Agusta 1990, bam na Hiroshima 6 ga Agusta 1945. Ba za a ce watan ma arashi ba ne.

Alƙalami60:
A nan kana da ɗan gaskiya, kuma Mushe zai yarda lissafinsa ya ɗauka cewa duk ranaku nauyinsu ɗaya. Ba haka abin yake ba. Yaƙe-yaƙen Turai sun fi farawa tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da hanya ta bushe, rana ta yi tsawo. Mu nan akasin haka ne, da can sai an gama kaka ake fita yaƙi. Kano ta faɗa hannun Ingilishi 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato 15 ga Maris, duk da rani. Ranakun farkon wata kuma sun fi cika da abubuwan ofis: 1 ga Oktoba Sin 1949 da Najeriya 1960, 1 ga Yuli Somaliya 1960 da Ruwanda da Burundi 1962. Na 1914 kuwa sarƙa ce: kisan yariman Ostiriya a Sarayebo 28 ga Yuni, Ostiriya kan Sabiya 28 ga Yuli, Jamus kan Rasha 1 ga Agusta, kan Faransa 3, ta shiga Beljiyam 4, Ingila ta shigo a ranar.

Mushe_Lissafi:
Na yarda. Kuma in ranaku ba su yi nauyi ɗaya ba, haɗuwar ƙaruwa take yi, ba raguwa ba.

Malam_Hisabi:
Tunda an ambaci 28 ga Yuni, ga tarko. Ana cewa kisan Sarayebo ya faɗo ranar yaƙin Kosobo na 1389 tsakanin Sabiyawa da Turkawa. Yaƙin 15 ga Yuni aka yi shi a tsohuwar kalanda. Cocin Sabiya na bin tsohuwar har yau, shi ya sa 15 ga Yuninsu ke faɗowa 28 a ƙarni na 20. In da ƙarninsa za a lissafa, kwana 8 za a ƙara, ya zama 23 ga Yuni. A wurin waɗanda suka yi harbin dai ranar tunawar ce, kuma zuwan yariman Ostiriya a ranar ya ƙara musu fushi.

Hajiya_Zango:
Wani ya duba mana 18 ga Disamba mana, kada a bar ranar Jamhuriya ba jeri.

Bamagariye:
Hajiya, akwai biyu a kusa. Yaƙin Verdun tsakanin Faransa da Jamus ya ƙare 18 ga Disamba 1916, bayan wata goma. Sai gyaran tsarin mulkin Amurka na 13 da ya haramta bauta, an shelanta shi 18 ga Disamba 1865. Sai dai adadin jihohin da ake buƙata ya cika tun 6 ga Disamba, wasu littattafan 6 suke rubutawa. ƳarMatamaye, a ƙa'idar taki wanne za mu ɗauka, ranar da ya cika ko ranar da aka sanar?